Shin wanda aka fara yi wa wankin ƙoda ba ya dainawa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu yana da shekara 63, ya daɗe da hawan jini, amma sai ya ji kansa na ciwo yake shan maganin. Mako biyu da suka wuce ya yi amai da gudawa na kwana uku, daga nan ƙafafunsa suka kumbura, fitsarinsa ya ragu, ga shaƙuwa ba ta tsayawa. A asibiti an yi gwajin jini, an ce kiriyatinin ɗinsa ya hau sosai, ƙoda ta taɓu, sai an yi wankin ƙoda. Baffanninmu sun hana, sun ce duk wanda aka fara yi wa wanki ba a dainawa, daga nan sai mutuwa, gara a koma gida a yi na gargajiya. Ni ne babba, ni ake jira in sa hannu. Don Allah mene ne wannan wankin, kuma gaskiya ne abin da suke faɗa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara, kai kuma Ya sa ka gama da iyaye lafiya. Abu biyu ka tambaya: mene ne wankin ƙoda, sannan ko gaskiya ne wanda aka fara yi wa ba ya rabuwa da shi. Akwai kuma ta ukun da ba ka rubuta ba, wadda na sha karantawa a fuskar manyan 'ya'ya a bakin ofis, biro a hannunsu: in na sa hannu wani abu ya faru, da wane ido zan kalli baffanni?

Tun da lokaci ba ya jira, ga gajeriyar amsa kafin dogon bayani. Maganar baffanninka ba ƙa'ida ba ce. Akwai waɗanda ake yi wa wanki sau uku ko huɗu, ƙodarsu ta farfaɗo, a zare robar wankin daga jikinsu, su koma gona da kasuwa. Akwai kuma waɗanda za su ci gaba da buƙatarsa har sai an yi musu dashe. Irin ciwon da ya kama ƙodar tun kafin a zo asibiti shi ke raba waɗannan da waɗancan. Mutumin da fitsarinsa ya ragu, ya kumbura, yana shaƙuwa, kuma likitocin da ke kansa suka ce ana buƙatar wanki, bai kamata a ɗauke shi zuwa gida a wannan hali ba.

## Aikin da ƙoda ke yi

Ranar layya in an feɗe rago, ka ɗauki ƙoda ɗaya, ka ɓare kitsen, ka tsaga ta biyu ta tsawo. Za ka ga ɓangaren waje ja mai duhu, can ciki kuma wani farin kwari mai kama da mazurari, wanda ya zarce ya zama siririn bututu. Ta ɗan Adam ma haka take, sai dai ta fi girma: siffar ƙwayar wake, tsawon santimita 10 zuwa 12, nauyin kimanin giram 150. Guda biyu ne, suna kwance a bayan ciki, dama da hagun ƙashin baya, a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Ta dama ta ɗan fi sauka saboda hanta tana samanta. Fitsari yana taruwa a wancan mazurarin, ya gangara ta bututu biyu zuwa mafitsara, daga nan ya fita. A jikin namiji akwai wata 'yar tsoka mai suna furostet da ta kewaye hanyar fitsari a ƙasan mafitsara. Ka riƙe sunanta, zan dawo kanta saboda shekarun Baba.

A jan ɓangaren nan aikin yake farawa. Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda ido ba ya gani. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke bugowa ƙoda yake nufa, fiye da lita ɗaya a kowane minti. A kwana guda matatan nan suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, jarka mai lita 20 guda tara ke nan. Amma fitsarin da mutum ke yi bai wuce lita ɗaya zuwa biyu ba. Mai tatar gasara sau ɗaya take tacewa ta gama, ita kuwa ƙoda in ta tace sai ta koma ta tsince ruwa da gishiri da sukari daga abin da ta tace, ta mayar wa jini daidai buƙatarsa, ta bar datti kaɗai ya wuce.

Duk alamar da ka lissafa a nan take da tushe. Kumburin ƙafa ruwa ne da gishiri da suka rasa hanyar fita, kuma in suka ƙaru sai su hau huhu, mutum ya kasa kwanciya rigingine saboda haki. Shaƙuwa da amai da ƙin abinci da ƙaiƙayi da yawan gyangyaɗi, dattin da ake kira yuriya ne da danginsa suka taru a jini. Ƙoda ce kuma ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jini, shi ya sa wanda ciwon ya daɗe a jikinsa za ka ga tafin hannunsa fari fat. Abin da ya fi tayar mana da hankali kuwa ba a ganinsa a jiki: wani gishiri ne mai suna fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A takardar gwaji ana son ganinsa tsakanin 3.5 da 5.0. In ya haura 6.5, zuciya tana iya tsayawa mutum yana zaune yana hira da 'yan dubiya.

Shi kiriyatinin da aka faɗa maka datti ne da tsoka ke fitarwa kullum daidai wa daida, ƙoda ke kwashe shi. Ma'auni ne kawai, kamar zanen da ake yi a ƙafar gada don a san inda ruwa ya kai. A lafiyayyen mutum yakan tsaya tsakanin 60 da 110 in ɗakin gwajin da maikuromol yake awo, ko 0.6 zuwa 1.2 in da miligiram ne. Ka duba wanne aka yi amfani da shi, domin na ga wata uwa ta fashe da kuka kan lamba 95 tana kwatanta ta da 1.0 da ta gani a tsohuwar takarda, alhali kusan abu ɗaya ne. Daga wannan lamba da shekaru da jinsi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda, wanda za ka ga an rubuta eGFR. Na lafiyayye 90 ne zuwa sama. In ya zauna ƙasa da 60 fiye da wata uku, ciwo ya zama mai daɗewa, ƙasa da 15 kuma shi ne mataki na biyar, na ƙarshe. Sai dai wannan lissafi yana yaudara a lokacin da kiriyatinin ke hawa da sauka kullum, kamar yadda na Baba zai iya kasancewa yanzu, don haka kada lambar yau ta sa ka yanke ƙauna.

## Ciwo biyu, suna ɗaya

Da Hausa duka "ciwon ƙoda" muke cewa, kuma daga nan ruɗanin ya samo asali. Na farko shi ne na farat ɗaya: ƙoda lafiyarta ƙalau, sai wani abu ya buge ta cikin kwanaki. Amai da gudawa irin na kwalara da ke tsotse ruwan jiki, zubar jini bayan haihuwa, jijjigar masu ciki, zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ƙwayoyin cuta da suka shiga jini, saran maciji, wasu magunguna, ko toshewar hanyar fitsari. A nan matatan sun jigata ne, akasarinsu ba su mutu ba, kuma in aka kawar da sanadin aka riƙe ran mutum na kwanaki ko makonni, sau da yawa sukan dawo aiki.

Na biyu shi ne mai cin jiki a hankali, shekara da shekaru, ba ciwo ba zafi. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba, sai kumburin matatan kansu, sikila, ciwon hanta, cutar ƙanjamau, da yawan shan maganin ciwon jiki. A nan matatan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tabo ya maye gurbinsu, waɗanda suka rage su ɗauki nauyin sauran, shi ya sa mutum zai iya rasa rabin aikin ƙodarsa yana harkokinsa bai sani ba. Tabo kuwa ba ya komawa matata. Mu mutanen Afirka ta Yamma muna da ƙarin dalilin kula: a 2010 masu bincike suka gano wani sauyi a ƙwayar gado mai suna APOL1, wanda ke ba da kariya daga wani nau'in cutar barci ta ƙudan tsando, amma wanda ya gaje shi ta uwa da uba ya fi shiga haɗarin ciwon ƙoda.

Labarin Baba yadda ka ba ni ya fi kama da haɗuwar biyun: ƙodar da hawan jini ya daɗe yana nuƙurƙusa, sai gudawa ta zo ta ƙarasa durƙusar da ita. In haka ne, ɓangaren da gudawa ta jawo yana iya dawowa, ɓangaren da shekaru suka ci ba zai dawo ba, kuma babu wanda zai iya faɗa maka girman kowanne a yau. Amma akwai abubuwan da ke nuna hanya. Tsohuwar takardar gwaji, ko ta shekara biyu ce, tana da daraja ƙwarai, ku bincika jakarsa da ƙarƙashin katifa. Hoton ciki na sikanin yana nuna girman ƙoda: in ta yamutse ta koma ƙasa da santimita 9, ciwon ya daɗe, in girmanta na nan akwai fata. Ƙarancin jini mai tsanani ma yana nuni ga daɗewa.

Hoton nan kuma shi zai nuna ko fitsari ne ya toshe ya koma baya, kuma a nan furostet ke shigowa, domin takan kumbura in namiji ya manyanta. Na tuna wani dattijo manomi da aka turo mana da takardar cewa wanki yake buƙata. Da na ɗora hannu a mararsa sai na ji ta tauri kamar ƙwarya, mafitsara ta cika har kusan cibiya. Watanni yana fitsari ɗis-ɗis, kunya ta hana shi faɗa wa 'ya'yansa. Muka sa masa robar fitsari, fiye da lita biyu suka fito, cikin kwanaki kiriyatinin ya riƙa sauka, bai taɓa hawa na'urar wanki ba. Ba kowa ke dacewa haka ba, amma duk namijin da ya haura 60 sai an tabbatar hanyar fitsarinsa a buɗe take. Ka tambaya ko an duba.

## Yadda ake wankin

Sunan kansa yana tsoratarwa, har wasu na ɗauka ana ciro ƙodar ne a wanke a mayar. Ba a ko taɓa ta. Jini ake wankewa. Za a sa wata roba mai baki biyu a babbar jijiya ta wuya ko ta matse-matsi bayan an yi allurar kashe zafi. Jini ya fita ta baki ɗaya, famfo ya tura shi cikin wata matata mai tsawon kamar kamu ɗaya, cike da dubban siraran bututu kamar gashi. Jini yana bi ta cikinsu, wani tsabtataccen ruwa da aka haɗa da gishiri daidai na jiki yana bi ta wajensu, sai datti da rarar fotasiyam su tsallaka daga jinin zuwa ruwan, a kuma zuƙe rarar ruwan da ya kumbura mutum. Jinin ya dawo ta ɗaya bakin. Abin da ke waje a kowane lokaci bai fi kofi ɗaya da ɗan wani abu ba, kuma jininsa ne ke komawa jikinsa. Yana kwance idonsa biyu, yana iya jan carbinsa. Zaman farko mukan taƙaita shi zuwa kamar awa biyu don kada a sauke dattin da gaggawa kai ya juya, daga baya awa huɗu ne. Yana iya jin jiri, ko murɗawar tsoka, ko gajiya bayan an gama.

Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Kolff, shi ya ƙera na'urar wanki ta farko mai amfani a aikace a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Mutum na farko da ta ceci ransa, a 1945, wata mata ce 'yar shekara 67 da ta suma saboda ciwon ƙoda na farat ɗaya. Ta farfaɗo, ƙodarta ta dawo, ta ƙara shekaru a duniya ba tare da na'ura ba. Wato tun mutum na farko da wanki ya yi wa amfani, an fara kuma an daina.

To me ya sa baffanninka suka ce haka? Ba ƙirƙira suka yi ba, abin da idonsu ya gani ne, kuma ni ma na gani. Yawancin marasa lafiyarmu suna isowa ne a mataki na biyar, bayan an zaga kemis da masu magani, zuciya ta gaji, huhu ya cika. A sa mutum a na'ura a wannan hali, ya rasu bayan kwana biyu, sai a ce wanki ne. Sannan ga kuɗi. Wanda ƙodarsa ta mutu gaba ɗaya sau uku a mako yake buƙata, amma iyali da yawa sau ɗaya suke iyawa, daga baya sau ɗaya a mako biyu, bayan an sayar da gona da shanu, har ranar da aka rasa na zuwa. Robar wuya kuma in ta daɗe ko ta jiƙe takan zama ƙofar ƙwayoyin cuta. Duk wannan gaskiya ne, kuma yana ci mini rai. Amma ka lura da abin da babu a ciki: na'urar ba ta sa ƙoda ta saba ko ta yi kasala. Wanda bai daina ba, ƙodarsa ta riga ta ƙare tun kafin ya hau.

Kan maganin gargajiya, ba raina iyayenmu nake yi ba. Matsalar ita ce duk abin da mutum ya sha, ƙoda ce ke fitar da mafi yawansa, kuma ta Baba a yanzu ba ta fitarwa. Jiƙo kofi-kofi ruwa ne da zai tafi huhu, saiwoyi da ganyaye da yawa cike suke da fotasiyam, kanwa kuma gishiri ce mai ƙara kumburi da hawan jini. Haka ma maganin kemis: diklofenak da ibufurofen da feldin, da haɗin ciwon jikin nan da ake ƙullawa a leda, kada ko ɗaya ya shiga bakinsa. Addu'a kuwa a dage da ita. In za a ba shi rubutu, a yi ɗan kaɗan, a faɗa wa nas ta sa shi a lissafin ruwan da ya sha a ranar.

## In ya tabbata mai daɗewa ne

Ana ba ƙoda har wata uku kafin a yanke cewa ba za ta dawo ba. In haka ta kasance, za a yi maganar ƙaramar tiyata a hannu, a haɗa jijiyar da ke kawo jini da mai mayarwa don ta yi kauri ta ɗauki allurar wanki. Likitoci suna kiranta fistula, kuma ba ta da alaƙa da yoyon fitsari ko da sunan ya zo ɗaya. Tana ɗaukar mako shida zuwa wata uku kafin ta nuna, kuma ta fi robar wuya aminci nesa ba kusa ba. Saboda haka tun yanzu ku roƙi a riƙa ɗibar jini da sa ruwa a bayan tafi, a bar jijiyoyin hannun da ba ya aiki da shi. Sai dashe, wanda aka fara yi cikin nasara a 1954 a Boston ta Amurka tsakanin wasu tagwaye. A Najeriya an fara a Asibitin St. Nicholas na Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara nasa a 2002. Lafiyayye yana rayuwa da ƙoda ɗaya bayan an tantance shi, wanda aka yi wa dashen kuma zai sha maganin hana jiki ƙin ta har ƙarshen rayuwa, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta saye da sayar da sassan jiki. Akwai kuma dattawan da, bayan an yi musu bayani, suka zaɓi kulawa da magani da abinci ba tare da wanki na dindindin ba. Wannan ma hanya ce da muke girmamawa, amma ana zaɓenta ne bayan an san irin ciwon, kuma a ƙarƙashin kulawar asibiti.

Ni ban ga Baba ba, ban ga takardunsa ba, don haka ba zan iya ce maka ƙodarsa za ta dawo ko ba za ta dawo ba, kuma maganar waɗanda ke kansa ta fi tawa. Abin da zan iya cewa shi ne, da mahaifina ne da waɗannan alamu, zan sa hannu a yi zaman farko, a ga yadda jiki zai amsa. Sa hannun yau na wankin gaggawa ne, bai ɗaure ku ga na shekaru ba. In Baba yana cikin hayyacinsa, a yi masa bayani da Hausa a ji ta bakinsa, jikinsa ne. Ka kuma ɗauki babban baffanka ku shiga wurin likita tare, da girmamawa, ya ji da kunnensa ya yi nasa tambayoyin, domin sau da yawa abin da ɗa ya kasa fahimtar da baffa, minti goma a ofis yana warware shi. Ku je da ledar duk abin da Baba ya sha, na asibiti da na kemis da na gida, kada a ɓoye komai. Ku tambayi fotasiyam ɗinsa nawa ne, hoto ya nuna girman ƙodar nawa, akwai toshewa ko babu, sau nawa ake sa ran wankin kafin a sake dubawa, da kuɗin kowane zama har da roba da gwaje-gwaje. In akwai ofishin taimakon marasa lafiya a asibitin ku je tun yau.

Kafin mai tsara abinci ya gan shi, a rage gishiri da dunƙule, a dakata da ayaba da dabino da lemu da dankali da tumatir mai yawa, ruwa kuma iya wanda aka ƙayyade masa. Ku samo roba mai awo ku riƙa tara fitsarinsa daga asuba zuwa asuba, ku rubuta yawansa da kwanan wata a takarda ku nuna wa likita kowace safiya, domin ƙodar da za ta farfaɗo sau da yawa a wannan robar take fara nunawa, kafin gwajin jini. Kai da ƙannenka ma, tun da kuna asibitin, a auna muku hawan jini da suga a gwada fitsarinku.